Ciyawar Ado da Haƙƙin Ruwa da na Gumi

A ƙarshen daminar bara wani ƙanena, wanda neman ilmi ya kai shi Amurka, aiki kuma ya zaunar da shi a wata unguwa ta bayan birni a jihar Tezas, ya aiko mini da doguwar wasiƙa wadda na zaci ta sha'anin iyali ce, sai na tarar fiye da rabinta zancen ciyawa ne. Ya ce ƙungiyar masu gidaje ta unguwarsu ta rubuto masa gargaɗi, cewa ciyawar ƙofar gidansa ta yi tsawo har ta fara cin hanyar masu tafiya a ƙasa, in bai gyara ba cikin 'yan kwanaki za a ci shi tara. Shi kuwa ba shi da injin yanka, ba shi kuma da sukunin tsayawa ya yi da kansa, saboda haka ya shiga cigiyar wanda zai riƙa zuwa yana yanke masa a kan lada. Amma abin da ya sa ya ɗauki alƙalami ya fi wannan nauyi a zuciyarsa, domin a ƙasan takardar ya rubuta cewa, "Yaya, ni da na tashi ina yankan ciyawa da lauje ina kai wa tumakin Inna, yau ga ni ina sayen ruwa in shayar da ciyawa, in sayi taki in ciyar da ita, sa'an nan in biya wani ya yanke a zuba a mota a tafi da ita, babu akuyar da ta ɗanɗana. Shin wannan ba ya cikin almubazzarancin da aka hana mu?"

Ban gaggauta ba shi amsa ba, domin da na zauna da mas'alar sai na ga ta fi ƙarfin a ce halal ko haram a wuce, kuma na ga cewa, ko da yake a ƙasar wasu ta taso, inuwarta ta riga ta sauka a kan garuruwanmu.

Ya kamata a fara sanin asalin abin, gama wanda bai san mafarin al'ada ba da wuya ya yi mata hukunci na adalci. Shimfiɗa gajeriyar ciyawa a gaban gida don ƙawa tsantsa al'adar sarakuna ce da manyan masu ƙasa na Faransa da Ingila a ƙarni na 17 da na 18, kamar yadda ake gani har yau a lambun fadar Basai, wanda Andre Le Notre ya tsara wa Sarki Luwis na 14, da kuma filayen da Lancelot Brown ya shimfiɗa wa attajiran Ingila kafin mutuwarsa a 1783. A wancan zamani ma'anarta a fili take ga kowa: mai gidan yana da ƙasar da zai iya bari ba noma, yana kuma da barorin da za su yini a sunkuye suna aske ta da dogon lauje. Sai a 1830 wani Bature mai suna Edwin Budding, wanda ya lura da na'urar da ake aske gashin yadi da ita a masaƙun yankinsu, ya ƙera injin yankan ciyawa na farko, daga nan abin da yake na fada ya fara gangarowa zuwa gidajen masu matsakaicin hali. Amurkawa suka karɓa suka ƙara masa tsanani, har ya kasance lokacin da aka fara gina garin Levittown kusa da Niyok a 1947, wanda gidajensa suka haura 17,000, an sa wa mazauna sharaɗi a rubuce cewa su riƙa yanke ciyawarsu sau ɗaya a kowane mako daga watan Afrilu zuwa Nuwamba. Wani bincike da Cristina Milesi da abokan aikinta suka buga a 2005 ya ƙiyasta cewa ciyawar ado a Amurka, in an haɗa ta gidaje da ta filayen wasa da wuraren shaƙatawa, ta rufe kimanin murabba'in kilomita 163,000, wato kamar jihar Kano sau takwas, kuma ta fi kowane amfanin gona da ake yi wa ban ruwa a ƙasar faɗi.

To, wannan al'ada an haife ta ne a ƙasar da ruwan sama ke sauka kusan kowane wata, inda ciyawa ke fitowa kore ko an so ko ba a so, tumaki ma su taya mai gida askinta. Daga baya aka ɗauke ta aka kai ta ƙasashen da Allah bai yi musu wannan rabo ba. A riƙe wannan, domin a kansa hukuncin zai rataya.

Idan muka koma ga usulu, asalin abubuwa a sha'anin duniya halacci ne har sai dalili ya zo da hani, kuma babu wani nassi da ya hana mutum ƙawata muhallinsa da tsiro. Hasali ma Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Namli, ya lissafa lambuna masu faranta ido cikin ni'imomin da ake kafa hujja da su a kan kaɗaituwar Mahalicci, wanda ke nuna cewa daɗin da ido ke ji in ya sauka a kan kore abu ne da aka nufa da halitta. Ya kuma inganta a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin da wani ya ji tsoron kada son kyakkyawar tufa da takalmi ya zama girman kai, ya sanar da shi cewa Ubangiji Mai kyau ne Yana kuma son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Imam Shaɗibi, malamin Andalus na mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan hijira, ya bayyana a cikin Muwafaƙat cewa maslahohin bayi hawa uku ne, laruri da buƙata da kyautatawa, kuma shari'a ta kula da dukansu. Ciyawar ado tana hawa na uku, wurin da turare da kyakkyawar sutura suke. Ba ta kuma rasa amfani na zahiri ba, domin tana kwantar da ƙura, tana riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta, tana rage zafin da daɓen siminti ke tarawa, yara kuma su yi wasa a kanta ba tare da sun ƙuje gwiwa ba. Saboda haka ban ga hanyar da za a ce da ita haram a zatinta ba, kuma wanda ya faɗi haka ya ƙuntata abin da Allah Ya yalwata.

Sai dai Shaɗibin nan da ya ba kyautatawa matsayinta shi ne kuma ya kafa ƙa'idar cewa hawa na ƙasa hidima yake yi wa na sama, kuma duk lokacin da kiyaye abin ƙawa zai kai ga tozarta abin larura, to abin ƙawar ne ke faɗuwa. A nan ne maganar ruwa ta shigo, kuma a ganina ita ce zuciyar mas'alar.

Ruwa a shari'ar Musulunci ba kamar sauran dukiya yake ba. An ruwaito a cikin Sunan na Abu Dawuda cewa jama'a abokan tarayya ne a ruwa da makiyaya da wuta, kuma malaman fiƙihu sun gina a kan wannan da makamantansa cewa ƙishin ɗan Adam shi ne gaba, sa'an nan na dabba, sa'an nan na shuka, har suka wajabta wa mai rarar ruwa ya bayar ga wanda ake jin tsoron halakarsa. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da aka yi game da wasu koramu biyu na Madina, cewa mai gonar sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu sa'an nan ya sake wa na ƙasa da shi, wanda ke nuna cewa riga kowa isa bakin ruwa ba ya mallaka wa mutum dukkansa. Akwai kuma ruwayar Ibn Majah game da Sa'adu, Allah Ya yarda da shi, wanda aka yi wa inkarin yawan zuba ruwa a alwala ko da a bakin kogi mai gudu yake. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta, amma ma'anarta tana da madogara a cikin hanin da Suratul A'arafi ta yi ga israfi. Idan har ibadar da salla ba ta inganta sai da ita an iyakance mata ruwa, ina ga abin da iyakarsa ido ya gani ya ji daɗi?

Malamai sun bambanta tsakanin tabziri, wato kashe dukiya inda bai kamata ba sam, da israfi, wato ƙetare iyaka a inda asalinsa ya halatta. Ban ruwan ciyawa yana babi na biyu, kuma iyakar da ake ƙetarewa ba ɗaya ba ce a kowane wuri, domin tulun da ba a kula da shi a bakin Kwara shi ne ake tafiyar yini a nema a ƙasar Azbin. Amurkawa da kansu sun iso ga wannan fahimta ta hanyar wahala. Hukumar kare muhalli ta ƙasarsu ta ƙiyasta cewa kusan sulusin ruwan da gidaje ke amfani da shi a waje yake ƙarewa, galibinsa a kan ciyawa da furanni, kuma abin da ya kai rabinsa yana iya salwanta ta hanyar iska da zafin rana da malala a kan kwalta. A birnin Las Begas, inda ruwan saman shekara bai fi milimita 100 da 'yan kai ba, hukumar ruwa ta daɗe tana biyan mutane kuɗi don su tuge ciyawarsu su sa tsirran hamada, kuma a 2021, da tafkin Mead da suke sha daga gare shi ya yi ƙasa ƙwarai, majalisar jihar Nebada ta yi dokar hana shayar da ciyawar da ba a taka ta sai mai yanka, irin ta tsakiyar titi da gaban ofisoshi, da ruwan kogin Kolorado daga 2027. Mutanen da ba su karanta Muwafaƙat ba fari ya karantar da su abin da ke cikinta.

Mu ma ba baƙin wannan al'ada ba ne. Turawan mulki ne suka shigo mana da ita lokacin da suka keɓe wa kansu unguwanni irin Nasarawa a Kano da makamantanta a Kaduna da Zariya, suka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa da sunan tsoron sauro, suka ɗauki gadina a kowane gida, fursuna kuma suna share musu filayen bariki da langalanga. Duk wanda ya yi makarantar kwana ta gwamnati ya san nauyin wannan ƙarfe a tafin hannunsa. Kafin zuwansu adon gidan Bahaushe shararriyar ƙasa ce: a yi daɓe, a yayyafa ruwa kaɗan da safe a bi da tsintsiya, a bar bishiya guda ta inuwa a ƙofar gida inda dattawa za su shimfiɗa buzu, a bayan ɗaki kuma ga zogale ga lalle. Ciyawa a cikin gida a wurin iyayenmu alamar kango ce da mafakar maciji da kunama, abin da duba-gari ke cin tara a kai, wurinta kuwa daji ne da burtali, in an yanko ta kuma sai a tara ingirici don rani. Abin mamaki, ɗaya daga cikin ciyayin da suka fi yawa a ƙofar gidajen kudancin Amurka, wadda suke jingina wa tsibirin Bamuda, ita ce ƙiri-ƙirin nan da manominmu ke yaƙi da ita da fartanya, asalinta kuma daga wannan ɓangare namu na duniya aka ƙetara da ita.

Abin da ke ci mini rai shi ne abin da idona ke gani a watan Maris da Afrilu a sababbin unguwannin masu hali na Kano da Abuja, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, rana kuma take tsakiyar ka: tiyo kwance yana kwarara a kan ciyawa kore shar a bayan doguwar katanga, rarar tana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa tana bin kwata, alhali kuwa a bayan katangar 'yan garuwa ne ke tura kura da jarkoki, mata da yara suna layi da bokitai tun asuba. Mai gidan zai ce rijiyar burtsatsensa ce, da kuɗinsa ya haƙa, kuma gaskiya ne ramin nasa ne da injin. Amma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba, abin da ya zuƙo da inji mai ƙarfi shi ne yake janyewa daga gajeriyar rijiyar maƙwabcinsa. Ni ban ga yadda wannan zai fita daga israfi ba, kuma ina jin tsoron ya haɗa da cutar da maƙwabci, wadda ta fi israfi muni.

Sauran rabin tambayar ƙanena, wato neman mai yanka, fiƙihu ya riga ya share masa hanya a babin ijara, kuma abin da masu hankali na can ke yi bai saɓa wa abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin da Mukhtasar na Halil ba. Sharaɗin ijara shi ne aiki ya zama sananne, lada ma sananne, don kada jahilci ya haifi husuma. Saboda haka na ce masa ya fara tambayar maƙwabta waɗanda farfajiyarsu ta burge shi, domin shaidar wanda ya gwada ta fi tallar mai talla. Ya ji farashi daga mutum biyu ko uku. Sa'an nan a rubuta abin da aka yi jinga a kai, ko yanka ne kawai ko har da gyaran gefe da share abin da ya zuba a hanya, sau nawa a wata, nawa ne kuma ladan, da wanda zai ɗauki hasara in dutse ya tashi daga inji ya fasa gilashin wani. In aikin ya haɗa da feshin magani, ya nemi ganin lasisin mai yi, domin jihohin ƙasar suna wajabta shi, guba kuma ba abin wasa ba ce inda yara ke rarrafe. Shi ma mai aikin amana tana wuyansa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Amma abin da na fi ja masa kunne a kai shi ne mutumin da ke bayan injin. Da yawa daga masu wannan sana'a a Amurka baƙi ne daga Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, wasu an shigo da su da bizar aikin wucin gadi, suna yini a rana irin ta Tezas, suna aika abin da suka samu gida, daidai yadda 'yan ci-raninmu ke yi a Ikko da Kumasi. Kuma baƙo wanda harshensa bai nuna ba shi ne ya fi sauƙin a danne masa haƙƙi. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi inda Allah Maɗaukaki Ya ambaci mutum uku da Shi da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya karɓi cikakken aiki ya hana shi ladansa, Ibn Majah kuma ya kawo umarnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Wanda ya matse mai yanka a ciniki don ya ga ba shi da mafita, ko ya ce masa "dawo gobe" alhali kuɗin na aljihunsa, ko ya bar shi cikin zafi bai miƙa masa ruwan sha ba yayin da yake shayar da ciyawa, to ya sa tsiro a gaban ɗan Adam. Wannan magana ta hau kan gadinan gidajenmu na nan fiye da kowa, waɗanda albashinsu kan yi wata biyu a hannun mai gida.

Shi kansa gyaran, in an yi shi da ilmi, yana rage ɓarna ƙwarai. Masana aikin gona na can suna cewa kada a yanke fiye da sulusin tsawon ganye a yanka ɗaya, domin ciyawar da aka yi wa ƙwal-kwabo saiwarta ba ta nitsewa, sai ta riƙa neman ruwa kullum. A wasa wuƙar inji don ta yanka maimakon ta yaga. A bar abin da aka yanke ya ruɓe a wurin ya koma taki. A yi ban ruwa da asuba kafin rana ta ɗaga, mai ratsa ƙasa amma jefi-jefi, abin da bai wuce kimanin milimita 25 a mako ba har da na sama. Galibin irin ciyawar ƙasashen zafi in rani ya tsananta takan yi ja ta kwanta ne, ba mutuwa ta yi ba, da ruwa ya sauka sai ta farfaɗo. Kuma tun da sharaɗin unguwa alkawari ne da ya sa hannu a kai ranar da ya sayi gidan, cika shi wajibi ne, kau da abin da ke tare wa mutane hanya kuwa yana cikin rassan imani. Sai dai ya kiyaye tayar da inji a lokacin da maƙwabta ke barci, da feshi ranar da iska ke kaɗawa zuwa gidan wani.

Abin da na rubuta masa ke nan: ya tsayar da ciyawarsa gwargwadon abin da sharaɗi ya tilasta da abin da 'ya'yansa ke wasa a kai, ya bi dokar ban ruwa ta garinsu in fari ya zo ko da farfajiyar za ta yi ja, sauran filin kuma, inda ƙa'idar unguwa ta yarda, ya dasa itacen da ke 'ya'ya da ɗan lambun kuɓewa da tumatir a bayan gida, domin ya tabbata a Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne a gare shi. Ya amsa mini bayan wata biyu cewa ya yi jinga da wani dattijo da ɗansa da ke yi wa gidaje huɗu a layinsu, yana biyansu ranar da suka yi aiki, kuma ya dasa ɓaure guda biyu.

Ku kuwa masu hali na garuruwanmu, waɗanda babu wata ƙungiya da ta tilasta muku, babu tarar da ke jiranku, ina roƙonku don girman Allah, in watan Maris ya kama ku bar ciyawar ta kwanta har damina ta tashe ta, ku fito da bakin famfo guda ta jikin katanga inda maƙwabta za su iya tara bokiti, ku kuma biya gadina albashinsa ranar da wata ya ƙare.